Kunnen Ganga: Nazari a Kan Saita Na'urar Jin Bugu a Gangar Lantarki Haɗin Gida

Gangar lantarki ba ta da murya tata. Abin da sanda ke sauka a kai faifan roba ne ko fatar raga, sautin kuma yana ajiye a cikin akwatin da makaɗa ke kira ƙwaƙwalwa. Tsakanin su biyun akwai wani ɗan abu da ake kira fiyezo: faifan tagulla siriri da aka manna wa tangaran a tsakiya, faɗinsa milimita 27 ko 35. Da zarar ya girgiza sai ya fitar da lantarki daidai ƙarfin girgizar. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan ɗabi'a a jikin wasu duwatsu a 1880. Bayan shekara ɗari da ɗaya, a 1981, kamfanin Simmons na Ingila ya fitar da gangar SDS-V mai faifai masu kusurwa shida, wadda ta mamaye waƙoƙin zamaninta. A 1997 Roland na Japan ya zo da fatar raga a gangunansa na V-Drums.

Da yake fiyezo araha gare shi, ba a daɗe ba masu ƙaramin ƙarfi suka fara haɗa nasu. Wani ya cire fatar tsohuwar ganga ya sa raga, wani ya buɗe faifan atisaye na Remo ya cusa fiyezo a ciki, wani ya haɗa komai da allon Arduino, wanda aka ƙirƙiro a Ivrea ta Italiya a 2005. Haɗawar ba ta da wuya. Dalma da waya da haƙurin yini ɗaya sun isa. Inda gizo ke saƙar shi ne saiti, kuma a nan ake bambance gwani da ɗan koyo.

Abin da aka fi kuskurewa shi ne ɗaukar cewa kyakkyawan saiti na nufin fiyezo ya ji komai. Ai dama yana jin komai, wannan ce ma damuwar. Yana jin saukar sanda, yana jin rawar da fata ke ci gaba da yi bayan bugun, yana jin takun ƙafa a daɓe, yana jin bugun da aka yi wa gangar da ke kusa ta cikin ƙarfen da ya riƙe su. Aikin mai saiti shi ne koya wa na'urar ta rarrabe abin da makaɗi ya yi niyya da abin da ya auku kawai.

Tsarin MIDI, wanda ya fito a 1983, yana auna ƙarfin bugu da lamba daga 1 zuwa 127. Duk abin da hannu zai iya, daga shafa zuwa mari, dole ya shiga cikin wannan tazara. Maɓallin kaifin ji shi ke raba rabon. In an ɗaga shi da yawa, bugun tsaka-tsaki ma zai kai 127, sai kiɗan ya fito da murya ɗaya ba hawa ba sauka. In an rage shi fiye da kima, makaɗi zai ta dukan ganga har kafaɗarsa ta yi tsami bai kai ƙololuwa ba. Ƙa'idar da gwanaye ke bi ita ce a bar 127 ga bugu mafi ƙarfi da mutum ke yi a ainihin kiɗa, sa'an nan a duba sauran su jeru a ƙasa.

Saiti na biyu shi ne dokin ƙofa, wato ƙaramin ƙarfin da in girgiza ba ta kai shi ba, ƙwaƙwalwa ba za ta kula ta ba. Sai lokacin sauraro, 'yan milisakan kaɗan da na'urar ke jira bayan saukar sanda don ta ga inda lantarkin zai tsaya. In ya yi gajarta, ba za ta auna daidai ba. In ya yi tsawo, sauti zai makara, hannun makaɗi kuwa yana gane makara tun kafin kunnensa ya tabbatar. Na huɗu shi ne lokacin toshe kunne: bayan kowane bugu na'urar takan ƙi sauraro na ɗan taƙi, don kada ta ƙirga rawar fata a matsayin bugu na biyu.

A waɗannan biyun, dokin ƙofa da toshe kunne, al'adar haɗin gida ta fi samun rauni. Mutum ya buga sau ɗaya ya ji sauti biyu, sai ya tsawaita toshe kunne. Ya bugi wannan ganga waccan ta amsa, sai ya ɗaga dokin ƙofa. Matsalar ta ɓace, amma me ta tafi da shi? A yi lissafi. A kiɗa mai taku 120 a minti, kowane taku milisakan 500 ne. Makaɗin da ya raba takun gida takwas yana sauke sanda duk bayan milisakan 62.5. In an kai toshe kunne 70, rabin bugunsa ya salwanta. Dokin ƙofa mai tsawo kuma yana haɗiye ƙananan bugun nan da makaɗi ke saƙawa tsakanin manya, waɗanda su ne gishirin kiɗa. An yi gyaran gangar auzinawa ke nan: ganga ta daina kuskure, ta kuma daina magana.

Maganin yana jikin gangar kafin ya zo ga lambobi. A gangar raga, akan ɗora fiyezo a kan ƙarfen da ya gitta ciki, a kafa masa dunƙulen soso mai tsini wanda kansa ke ɗan taɓa ragar daga ƙasa. In soson ya tokare ragar sosai, duk bugun da ya faɗa tsakiya zai yi ƙara fiye da na gefe. In bai kai ba, ƙananan bugu za su ɓace. Fiyezon da aka shafe wa jiki duka da gam mai tauri ba ya samun sararin lanƙwasa, shi ya sa ake manna shi da ɗan salatif mai soso, ƙarami bai kai faɗinsa ba. Raga sakwa-sakwa takan daɗe tana rawa, a ɗaure ta sai bugu biyun ya ragu ba tare da an taɓa maɓalli ba. Ɗan guntun roba tsakanin ganga da mariƙinta kan rage kutsen maƙwabciya.

Masu Arduino suna da ƙarin aiki. Allon Arduino Uno yana karanta bolt 0 zuwa 5, ya mayar da su lamba 0 zuwa 1023, alhali fiyezon da aka buga da ƙarfi yana iya fitar da abin da ya ninka haka. Duk abin da ya haura 5 iri ɗaya ne a wurin allon, yana ma iya lalata shi. Don haka ake sa rizista mai megohm ɗaya a gefen fiyezo don ta zuƙe ragowar lantarki, da dayod na zena don kariya, da rizista mai murɗawa da za ta rage ƙarfin kafin ya shiga. Bayanin da ya riga ya yanke a bakin shiga, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Darajar al'adar haɗin gida ita ce tana tilasta wa mutum ya san hannunsa. Gangar kamfani an saita ta ne don hannun kowa da kowa. Wanda ya haɗa tasa kuwa dole ya zauna ya buga a hankali, ya buga da ƙarfi, ya duba lambar da ke fitowa, ya canza abu ɗaya tak, ya sake bugawa. Saitin da ya dace da mai hannu mai nauyi ba zai yi wa mai sassauƙan hannu ba, ko da gangar ɗaya ce. Saboda haka gwajin da ya kamata a yanke hukunci da shi shi ne bugu mafi rauni da mafi sauri da makaɗi ke yi: in sun fito cif, kowanne sau ɗaya, saiti ya yi, in ba su fito ba, a ajiye maɓallai a koma kan soso da raga.