Taron ’Yan Kallo: Sharhi a kan Wasan Hausa Mai Dogon Zango

Abin da za mu duba a wannan ’yar takarda shi ne yadda jama’a ke taruwa a kan wasan kwaikwayo na Hausa, da yadda taron nan ke sake kama in an sake masa dandali. Magana ce da ta shafi malaman Hausa, domin a wurin nan ne almajiranmu ke karanta Hausa fiye da yadda su ke karanta ta a littafi.

Sa’ad da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano cikin 1990, kaset a ke saya ko a yi haya, maƙwabta su taru a zaure ko a ɗaki su kalla. Taron nan na wuri ne, kowa ya san kowa. Da YouTube ya samu, wanda aka kafa cikin 2005, sai abin ya juya. Tun daga 2020, wasanni irin su Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira su ka riƙa fitowa kashi kashi, mako mako. Mutumin Kano da na Damagaram da na zangon Kumasi duk su na jiran sa’a guda. Watau lokaci ne ya haɗa su, ko da ya ke ba su taɓa ganin juna ba.

To, dandalin nan ya na da sharaɗinsa. Tun 2018 YouTube ya sa ƙa’ida cewa mai tasha zai sami rabon kuɗin talla in ya tara mabiya 1,000, kuma aka kalli abinsa na awa 4,000 cikin shekara. Wanda cinsa ya dogara ga daɗewar mai kallo kuwa ba ya gaggawar kai labari ƙarshe. Nan ne aibin irin wannan wasa ya ke. Akan ja zance, a maimaita gardama guda sau uku, a yanke kashi daidai inda hankali ya tashi. Sa’an nan mai shiryawa ya na karanta abin da ’yan kallo su ka rubuta kafin ya ɗauki zango na gaba, sai ya zama da wuya ya kashe wanda jama’a ke so, ko da labari ya nemi haka. Amfaninsa kuwa shi ne halin mutum ya na samun sarari ya bayyana a hankali, abin da kaset na awa biyu bai ba da dama ba.

Wajen harshe, rubutun ’yan kallo taska ce ga mai nazari. Za a ga mutumin Nijar ya rubuta “ch” a gurbin “sh”, da “ou” a gurbin “u”, bisa al’adar Faransanci. Za a ga an bar ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, har “ƙafa” da “kafa” su zama ɗaya. Bakin ’yan wasa kuwa yawanci Kananci ne, saboda haka karin nan na shiga kunnen waɗanda ba nasu ba ne.

A TikTok abin ya sake juyawa. Can na’ura ce ke zaɓa wa mutum abin da zai gani, guntu bayan guntu, sai taro ya haɗu a kan kalma guda ta ɗan wasa, ya watse bayan ’yan kwanaki. Hukuma ma ta na bin sawun taron: cikin 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa cikin 2001, ta dakatar da wasanni 22 masu dogon zango, ta ce sai an kai mata ta duba.

Shawararmu ga malamai ita ce su kawo misalan rubutun nan cikin aji, a gyara su bisa ƙa’ida, a kuma tara su kafin su ɓace, domin tasha na iya rufewa dare ɗaya ta tafi da duk abin da aka rubuta a cikinta.