Haƙurin Kirista a Ƙasar Damargu

Duk wanda ya san Damargu, ƙasar nan ta Tanut da Belbeji wadda a da ayarin Abzinawa kan sauka cikinta su yi awon gero kafin su nufi Agadas, ya san mutanenta sun ɗanɗani ɗacin fari, tun daga na 1973 da na 1984 har zuwa yunwar 2005 wadda ta biyo bayan fara da ƙarancin ruwan sama. Cikin masu ɗaukar wannan jarrabawa har da Kirista, 'yan tsiraru ainun a jihar Damagaram, inda mishan ɗin SIM ya fara kafa zango a 1924, kuma ya kamata mai hankali ya dubi tafarkinsu na haƙuri.

Asalin tafarkin ba baƙo ba ne ga malamanmu, domin ƙissar Annabi Ayuba, wanda aka jarrabe shi da dukiya da iyali da lafiyar jiki bai yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji ba, tana cikin Alƙur'ani, tana kuma cikin Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932. Inda Kirista suka keɓanta shi ne, a aƙidarsu Almasihu da kansa ya sha azaba bai rama ba, saboda haka mai binsa, in musiba ta same shi, yakan ɗauke ta koyi ne da shugabansa.

Amma tawakkali ba ya nufin naɗe hannu, kuma an ga hujjar haka a Maradi lokacin farin 1984, sa'ad da Tony Rinaudo, ma'aikacin SIM, ya haɗa rabon abinci da koya wa manoma su riƙa barin tohon kututture a gona suna yi masa sassabe har ya zama itace, dabarar da daga baya ta bazu a gonakin Maradi da Damagaram.

Haƙuri da fari ya fi sauƙi a kan haƙuri da cutar ɗan Adam, gama ba wanda ke riƙe sama a zuciya. An gwada Kirista da na biyun ranar 16 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u a birnin Damagaram, kashegari kuma a Yamai, saboda zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga, wanda ba su da hannu a cikinsa. Shugabanninsu suka yi kira ga yafiya, wasu Musulmi kuma suka ɓoye maƙwabtansu a gidajensu.

Sai dai haƙurin wanda aka zalunta ba ya ɗauke wa jama'a nauyin adalci. Wajibi ne ga masu rinjaye, malamai da sarakuna da talakawa, su tsare haƙƙin maƙwabtaka, kada su bar wa marasa rinjaye nauyin zaman lafiya su kaɗai.