Gwanintar Buga Fuska da Ƙyalle da Fenti

Duk wanda yake zuwa biki a Kura ko Bunkure, ko ya ga gangamin 'yan siyasa a bakin titin Zariya, ya san rigar nan mai ɗauke da fuskar ango ko ta ɗan takara. Da yawansu da hannu ake buga su, kuma aikin ya wuce kallon da muke yi masa.

Mai bugu yakan fara da hoto, ya tace shi har ya koma baƙi da fari zalla, sannan ya fitar da shi a takarda mai shara-shara. A nan gwani yake rabuwa da ɗan koyo: baƙi ya yi yawa, ido ya nutse, ya yi kaɗan, hanci ya ɓace. Sai ya ɗaure ƙyalle mai ƙananan huda a firam ɗin katako, ya ja shi tamau, ya shafe shi da wani magani da ke daskarewa in haske ya taɓa shi. Ya ɗora hoton, ya shanya a rana na ɗan lokaci, ya wanke. Duk inda baƙin hoton ya tare rana, maganin zai zube, huda ta buɗe. Manomin rani a Kadawa ba ya buƙatar dogon bayani: yadda ruwan madatsar Tiga ba ya shiga fangali sai ta inda aka buɗe masa, haka fenti yake bi idan aka ja shi da faifan roba. Kowane launi da nasa firam, kuma dole su hau kan juna daidai.

Wannan sana'a ce Andy Warhol, ɗan Amurka haifaffen Pittsburgh a 1928, ya runguma a 1962, ya buga fuskar Marilyn Monroe, daga baya ya juyo kan tasa. A 1963 ya shiga rumfar ɗaukar hoto mai aiki da kwabbai, sanye da baƙin tabarau, ya buga hotuna huɗu na fuskarsa cikin launin shuɗi. Abin da mai shago zai jefar, wato launi ya goce ko fenti ya yi ƙamfa a gefe, shi barinsa yake yi da gangan, don kada fuska biyu su fito iri ɗaya.

Ni dai hotunan fuskarsa na 1986, waɗanda aka baje kolinsu a Landan, sun fi kama ni. Kansa ne kawai a cikin baƙi ƙirin, gashin aro ya miƙe tsaye, kumatu sun lotsa. Hanyar da ke iya shafe kowane tabo tana hannunsa, amma ya bar tsufansa a fili, bai yi wa kansa kara ba. Ya rasu a Fabrairun 1987.

A shekarunsa na ƙarshe ba shi kaɗai yake jan fentin ba. Tun 1977 wani gwanin mai bugu, Rupert Jasen Smith, yake masa wannan aiki, yana daidaita firam a kan firam har launi ya zauna yadda Warhol yake so.