Rashi da Haƙuri a Cikin Littafin Shaihu Umar

A hutun da ya wuce na koma gida Mawashi na tarar da rasuwar ƙanin mahaifina. Kwana uku muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, duk wanda ya zo ya yi addu'a, ya ce, "Yaya haƙuri?" mu amsa, "Da godiya." Babu namijin da ya faɗi abin da ke ransa. Can cikin gida kuwa ana jin shassheƙar mata. A cikin waɗannan kwanaki na sake karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai na ga kamar ban taɓa karanta shi ba.

Littafin yana cikin waɗanda suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. A lokacin marubucin bai wuce shekara 22 ba, bai daɗe da gama Kwalejin Katsina ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Yawancin ɗalibai idan an tambaye mu jigonsa sai mu ce bauta da cinikin bayi. Wannan gaskiya ne, amma a ganina akwai wani jigo da ya ratsa littafin tun daga farko har ƙarshe, wato rashi da yadda mutum ke ci gaba da rayuwa bayansa.

Mai karatu ya ƙidaya abin da Umar ya rasa. Mahaifinsa ya rasu tun yana ciki. Makau, mijin uwarsa, mahassada sun sa an kore shi daga Kagara. An sace Umar yayin da uwarsa ta tafi Fatika ganin iyayenta. Bayan shekaru masu yawa ya sadu da ita a ƙetaren Sahara, ba a jima ba ta rasu. Daga nan guguwar rairayi ta binne ayarinsu, har da Abdulkarim wanda ya rene shi. Ya iso Rauta ba shi da kowa. Duk wani babban mataki a zubin labarin rabuwa ce ko mutuwa.

To, yaya marubucin ya nuna baƙin cikin tauraronsa? A nan ne nake da ja. Umar da bakinsa yake ba almajiransa labari, yana dattijo, malami mai daraja. Saboda haka kowane rashi yakan wuce a gurguje, a miƙa al'amari ga Allah, a ci gaba da tafiya. Mai kare marubucin zai ce ai haka Bahaushe yake, kuma malami ba ya buɗe cikinsa a gaban almajirai. Na yarda, don na gani da idona a kan tabarmar makoki. Sai dai ƙagaggen labari ba ƙofar gida ba ne. Amfaninsa shi ne ya shigar da mu inda mai gaisuwar ta'aziyya ba ya shiga. An nuna mana cewa Umar ya yi haƙuri, ba a nuna mana wahalar da ya sha kafin ya same shi ba. Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma mu romon kawai aka miƙo mana, ba mu ga iccen da ya ƙone ba. Addini ma bai hana hawaye ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, Annabi Yaƙubu kuma ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari.

Inda littafin ya fi rai shi ne wajen uwar Umar. Ita ce ta ƙi zama ta rungumi ƙaddara. Ta bar gida ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita, aka ƙetara Sahara da ita, ba ta daina nema ba. Ita ce Yaƙubun wannan labari. Abin lura, wadda ta ƙi haƙura ta ƙare a bauta da ciwo, wanda ya haƙura ya zama Shaihu. Wataƙila darasin da marubucin ya nufa ke nan, amma alƙalaminsa ya saɓa masa, domin idan an rufe littafin ita ce ke tsayawa a zuciya.

Sai maganar abota. Hausawa sun ce rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Abin da ya raya Umar shi ne hannun baƙi: matar da ta tsince shi a daji, sannan Abdulkarim da ya kai shi Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi. Wannan ya dace da abin da muka sani, cewa maraya a ƙasar Hausa na jama'a ne. Amma kada mu manta ta hanyar cinikin bayi Abdulkarim ya same shi, cinikin da ya hallaka uwarsa. Littafin bai bar Umar ya tsaya ya auna wannan ba, alhali nan ne ya kamata zuciyarsa ta rabu biyu. Kuma a duk labarin ban ga wani tsara da Umar ya zauna ya faɗa wa damuwarsa ba. Yana da masu taimako, ba shi da amini.

Don a gane abin da nake nufi, a dubi littafin Mariama Bâ ta ƙasar Senegal, wanda ya fito da Faransanci a 1979, ya ci lambar Noma a 1980. Shi ma a cikin al'ummar Musulmi aka gina shi. Ramatoulaye tana cikin takabar mijinta, wata huɗu da kwana goma, tana rubuta wa aminiyarta Aissatou doguwar wasiƙa. A ciki ta fitar da so da fushi da kishi, don mijin ya yi mata kishiya ya yashe ta kafin ya mutu. Da ƙanin miji ko wansa ya nemi mace a irin wannan hali, sau da yawa shiru take yi, amma ita ta buɗe baki ta ƙi ɗan'uwan mijin nata. Mun ga yadda ta tashi tsaye a hankali, saboda tana da wadda za ta gaya wa. Bambancin littattafan biyu yana ga wanda ake ba labarin: ita aminiya take yi wa magana, shi almajirai.

Ba ina rage darajar Shaihu Umar ba ne. Saurayin da ya rubuta shi a lokacin da ƙagaggen labarin boko bai tsaya da ƙafarsa ba ya cancanci yabo, kuma Hausarsa mai natsuwa har yau abin koyi ce. Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar rubutu shi ne mu ɗora daga inda ya tsaya. Matar kawuna tana can Mawashi tana takaba, ƙawarta ta ƙuruciya kullum da yamma takan zo su zauna a ɗaki. Abin da suke faɗa wa juna babu mai gaisuwar da ya ji shi, kuma irin wannan ne nake fatan wani daga cikinmu ya zauna ya rubuta.