Na'ura ba ta raɗa wa tsiro suna

Wallahi na gaji da jin wannan magana, wai yanzu da an tsinko ganye an kai ɗakin gwaji, shi ke nan an gano tsiro. Wai zamanin masanan da ke ratsa kurmi suna matse ganye cikin tsohuwar jarida ya wuce. Haba jama'a!

Kun san asalin abin. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph da ke Kanada ya kawo dabarar gane halitta da ɗan guntun DNA, kamar yadda ake gane kayan kanti da layukan jikin kwalinsu. A 2009 masana suka tsayar da guntayen DNA biyu, rbcL da matK, don tsirrai. A shekarar ce kuma John Kress da abokan aikinsa suka gwada dabarar a tsibirin Barro Kolorado na Panama, kan nau'in itatuwa 296 a fili mai hekta 50, suka dace da fiye da kashi 98 cikin ɗari.

To, amma wa ya gaya wa na'urar sunayen? Tun 1978 Thomas Croat ya wallafa kundin tsirran tsibirin, bayan ya sha shekaru yana duba fure, yana ƙirga jijiyar ganye. Na'ura kwatantawa kawai take yi da abin da aka adana mata. In wanda ya adana ya yi kuskuren suna, haka za ta yi ta maimaita kuskuren ga duk wanda ya tambaye ta. In kuma tsiron bai taɓa shiga rumbun bayanai ba, sai ta miƙo maka sunan danginsa, kai kuwa ka rubuta. A wasu tsibiran ma abin ya fi tsanani, domin nau'o'in da ba su daɗe da rabuwa ba sukan zo da lambar DNA iri ɗaya.

Na yarda, ɗan tsiron da bai yi fure ba, ko guntun saiwa, nan kam DNA ta yi rana.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda kuɗi ke tafiya. Ana rige-rigen sayen na'ura, ga shi a 2024 Jami'ar Duke ta Amurka ta sanar za ta rufe ma'ajiyarta ta busassun tsirrai, mai samfuri sama da 800,000. Masu ba da tallafi, don Allah duk aikin da za ku biya, ku sa albashin masanin tsirrai da kuɗin kula da ma'ajiya a ciki, tun kafin a rasa mai koya wa na baya.