Haraji da Jangali: Dabarar NEPU da Gurguzun Yau

Duk sa'ad da aka tayar da zancen gurguzu, sai wani ya ce ai ya rushe tare da Tarayyar Sobiyet a 1991. Wannan ba ya buƙatar doguwar amsa, domin talakan da ya shiga NEPU bai taɓa jiran umarnin Mosko ba. Sukar da ta fi cancantar amsa ita ce ta wasu masu bin Markisanci a jami'o'inmu, waɗanda ke ganin NEPU jam'iyyar teloli da ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure ce kawai, wai faɗanta da sarakuna ne, bai kai ga jari-hujja ba. Ina ganin sun karanta tarihin a baibai.

Tarihin sananne ne. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, su Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kanta. Gab da ƙarshen mulkin soja aƙidar ta dawo da sunan PRP a 1978, ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali.

Dabarar tana cikin waɗannan abubuwa biyu da aka soke. NEPU ba ta tara mutane a dandali ta yi musu lacca kan rarar ƙimar aiki ba. Ta ɗauki nauyin da kowa ya san sunansa, ya san watan da yake zuwa, ya san fuskar mai karɓarsa. A duba yadda harajin yake aiki a zamanin Turawa: da kuɗi ake biyansa, ba da damin gero ba, kuma da kaka ake karɓarsa. Manomi dole ya shuka gyaɗa ko auduga, dole kuma ya kai ta ma'auni a daidai lokacin da kowa ke kaiwa, ga dagaci a ƙofar gida, ba halin ya ajiye ta yi daraja. Wakilin kamfani ya auna, ya biya farashin da hukumar ciniki ta yanke, buhunan su hau dala a Kano, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko. Bafulatani kuwa yana kora shanunsa daji cikin dare don kada a ƙirga su, in an ƙirga sai ya sayar da maraƙi ya biya. Ashe haraji shi ne igiyar da ta jawo talaka cikin kasuwar duniya a kan sharaɗin da ba shi ya gindaya ba. Wanda ya ce a tsinke ta, da jari-hujja yake faɗa, ko da bakinsa bai taɓa furta kalmar ba. Shi ya sa telan da ke sauraren Malam ya fi ɗalibin da ya haddace littafi fahimtar tsarin.

Za a ce to an soke, talaka kuwa bai fita daga talauci ba, PRP ma ta rabu gida biyu, santsi da taɓo, aka tsige Balarabe a 1981. Gaskiya ne. Amma abin da wannan ya nuna shi ne ba a ci gaba da dabarar ba bayan nasarar farko, sai aka koma rigimar kujera, ga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986 da nauyin da ba shi da dagaci. Masu cewa gurguzu kafirci ne kuwa, Malam Aminu ya gama da su tun da daɗewa a wajen tafsiri, inda ya nuna cewa zaluncin mai mulki ba ya cikin abin da addini ya ce a yi wa biyayya.

Abin da ya dame ni shi ne yadda masu kishin sauyi a yau suka yar da wannan gado. Zanga-zangar Agustan 2024 ta fito da fushi na haƙiƙa bayan cire tallafin man fetur a 2023, amma takenta, kawo ƙarshen mummunan mulki, bai nuna wa kowa ƙofar da zai je ba. Alhali harajin yau yana da suna da mai karɓa. Akwai balas ɗin da direban adaidaita sahu yake kai wa mai babur kullum, ko ya yi ciniki ko bai yi ba. Akwai bashin taki da manomi ke ci da damina, ya biya da buhun masara da kaka a farashin da mai bashi ya yanke, wato tsohon ma'aunin gyaɗa ya dawo ba tare da Bature ba. A nan ya kamata sabon tunanin gurguzu ya fara: direbobi su haɗa asusu su mallaki baburan da kansu, manoma su gina rumbun haɗin gwiwa da zai ba su damar riƙe hatsi har bazara, sannan su tilasta wa gwamnatin jiha ta sa doka kan irin wannan bashi.