Kanikawan Agadas da Tsohuwar Land Cruiser

Gwanin bakanike ba da sifana yake farawa ba. Idan aka kawo masa tsohuwar Land Cruiser da ake shirin shiga Tenere da ita, cewa zai yi a tayar da ita a bar ta a silo, shi kuma ya koma gefe ya harɗe hannuwa a baya kamar mai jiran liman. Can sai ya zagaya wajen salansa ya dubi hayaƙi. In baƙi ne, mai ya rinjayi iska, ko dai matatar iska ta toshe ko nozul sun gaji. In shuɗi-shuɗi ne, injin ya fara shan baƙin mai. In kuwa fari ne da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya ɗauki zafi, to magana ta girma, sai an zauna. Daga nan ya ɗauki doguwar sukundireba, ya kafa bakinta a jikin injin, ya manna ƙotarta a kunnensa, yana matsawa daga silinda zuwa silinda har guda shida. Yaransa na tsaye, ko tari babu mai yi. Kafin a kwance noti ɗaya ya riga ya san rabin ciwon motar, mai ita kuma ya fara lalubar aljihu.

A Kano ko Yamai, in bakanike ya yi kuskure, iyaka mota ta mutu a bakin titi a kira janwe. Agadas daban take. Daga garin zuwa Balma, inda gishirin kantu ke fitowa, tafiya ce ta fiye da kilomita 500 cikin rairayi da tsakuwa, rijiyoyin hanya kuma ana iya ƙirga su da yatsu. Bishiyar nan tilo da ayari ke riƙe hanya da ita a tsakiyar Tenere, mota ce ta kaɗe ta a 1973. Ragowarta na gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Inda bishiya guda ta isa zama labari, ai ba a tambayar gareji. Shi ya sa aikin bakaniken Agadas shi ne ya hango gyaran da hanya za ta nema nan da kwana uku, ya gama shi yau a cikin gari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutanen Nijar kat-kat suke ce wa irin waɗannan motoci masu ja da ƙafa huɗu, direbobin Najeriya kuma su ce mai agzilari. Akwai Hilux, akwai tsofaffin Land Rover jefi-jefi, amma uwar ɗakinsu ita ce Land Cruiser jerin 70, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984. Sunan Toyota ya ƙara ɗaukaka a Sahara tun 1987, lokacin da sojojin Cadi suka fatattaki tankokin Libiya da a-kori-kura na kamfanin, har yaƙin ya samu laƙabi da sunansa. Amma abin da ya ɗaure zuciyar kanikawa shi ne injin da aka fara sa mata a 1990, mai suna 1HZ: silinda shida a jere, lita 4.2, na gas, babu tabo, babu kwamfuta. Ba shi da gudu, wannan kowa ya sani, in motar ta ɗauki kaya a kan tudu har tausayi take bayarwa. Sai dai famfonsa na ƙarfe ne zalla, kuma da zarar ya tashi, wutar da yake buƙata ita ce ɗan abin da zai riƙe ƙofar mai a buɗe a jikin famfo. Sabuwar mota in ta yi fushi sai an kawo mata na'ura ta karanta abin da ke ranta. Wannan kuwa duk abin da ke damunta, kunne da hannu da hanci sun isa su gano shi.

Babban abokin gabar injin a can ƙura ce. Ba ta kashewa farat ɗaya. Shiga take kaɗan-kaɗan ta gauraya da baƙin mai ta zama kamar sanfefa, ta cinye ringi da bangon silinda, sai wata rana a ga mota ta rasa ƙarfi tana tuttular da hayaƙi. Don haka za ka ga maigida bai yarda yaro ya wanke masa matatar iska shi kaɗai ba. Ana busa ta ne daga ciki zuwa waje, da iska mai sauƙi, don in aka matsa mata takardar ta yage ba tare da ido ya gani ba. Bayan an busa, sai ya shiga da ita inuwa, ya zura tocila a cikinta yana juyawa a hankali. Ko ɗigon haske ya ɓullo kamar kan allura, matatar ta tashi daga aiki, komai sabuntar da take nunawa. Dogon bututun nan da ake gani a gefen gilashin gaba, wanda 'yan birni ke zaton na tsallaka kogi ne, a Agadas amfaninsa ɗaga hancin mota sama daga ƙurar da tayoyi ke tayarwa.

Man gas ma haka. Wanda aka saya a jarka ko aka ɗura daga ganga a wani zango ba ya rasa ruwa da datti. Mai hankali yakan ƙara matata ta biyu kafin ta asali, kuma kowane yaron mota ya san yadda ake kwance ƙasan matata a tsiyaye ruwan da ya kwanta, a danna ɗan famfon hannu da ke samanta har iska ta fita, mai ya dawo.

Wajen ruwan sanyaya injin ne nake da ƙorafi a kan kanikawanmu da yawa, daga Damagaram har Kaduna. An saba da zarar mota ta shigo daga Kwatano a cire mata tamostat a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. A injuna da dama kuwa, wannan ƙarfen shi ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke kewayawa cikin injin, ya tilasta masa bi ta lagireto. In babu shi, wani kaso na ruwan zai riƙa zagaye a ciki bai je ya huce ba. Gwani ba ya cire shi. Tafasa ruwa yake yi a gwangwani ya jefa shi ciki ya ga ko zai buɗe. Sannan ya koma kan fanka. Fankar wannan injin tana da wani mai kauri a cikin cibiyarta wanda ke sa ta kama sosai idan zafi ya tashi; in man ya tsiyaye, fanka za ta riƙa juyawa a ido amma ba ta jan iska. A kwalta ba za ka lura ba, don iskar gudu na rufa mata asiri. Sai an shiga rairayi mai laushi, ƙaramar giya, totur a ƙasa, mota na tafiyar hawainiya da tsakar rana, a nan allurar zafi za ta haura, kuma kan injin 1HZ ba ya yafe tafasa.

In an gama da sama sai a shimfiɗa kwali a shiga ƙasa, inda rabin kuɗin gyara yake. Aksul ɗin gaba na wannan mota sanda ɗaya ne, kowane ƙarshensa da dunƙulen ƙarfe kamar gwiwa, cike da giris. Idan robar da ke raba man aksul da giris ta mutu, su biyun sai su haɗu su zama wani baƙin kunu yana tsattsafowa ta bayan taya. Ganin wannan kunu kaɗai ya isa maigida ya ce a warware gwiwar baki ɗaya, a wanke, a sake boris da roba. Aiki ne na yini guda, mai ɓata hannu har gwiwar hannu, ba kuma wanda zai gani ya yaba. Za a ɗaga taya da jek a kama samanta da ƙasanta a girgiza, in ta yi ƙwas-ƙwas boris ya saki. Za a bi kowane noti na sifirin da na farfela da sifana, saboda gargada ba abin da ba ta kwancewa. Direban da ya koyi aiki a hannun irin wannan maigida, duk inda aka tsaya shan shayi za ka gan shi yana zagaya mota yana dafa cibiyar kowace taya da bayan hannu. Wadda ta fi 'yan uwanta zafi, ita ce za ta ba da matsala gobe.

Sai batun ƙari, wanda shi ne ya fi jan hankalin masu mota, kuma a nan ake gane wanda ya ƙware. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, motocin nan suke ɗaukar abin da Japanawan da suka zana su ba su taɓa mafarki ba: gangunan mai, jarkokin ruwa, injin haƙa, buhunan abinci, mutane a sama ƙafafu na reto. Dole a ƙara wa sifirin baya ganye, a sa shokazoba mai ƙarfi, a ƙera ƙarin tanki, a yi wa tayar safaya ta biyu mazauni, a ɗaure faifan ƙarfen fita daga rairayi a gefe. Wasu sukan ƙara batir na biyu don kada wuta ta ƙare a inda ba mai tura ka. Duk wannan mai walda da bakanike na iya yi cikin 'yan kwanaki. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne sanin inda za a tsaya. Kowane ganye da aka ƙara yana sa mota ta yi tauri, bugun da sifirin ya ƙi sha kuma shasi ne zai sha, har ya tsage kusa da mazaunin sifirin. In aka ɗaga mota sama don ta yi kwarjini, nauyinta ya hau, a gefen tudun rairayi sai ta nemi kifewa. Manyan tayoyi suna cin ƙarfin injin da dama can ba shi da na banza, su kuma wahalar da aksul. Masu ɗora wa 1HZ tabo su buɗe masa mai don ya yi gudu, sau da yawa fistin suke fasawa, don ba a gina shi domin wannan zafin ba. Toyota da kanta da ta so mai tabo, wani injin ta ƙera daban, 1HD-T. Garin neman ƙiba akan samo rama. Na fi ganin girman bakaniken da zai dubi mai kuɗi ya ce masa, "Alhaji, wannan kam a bar shi," alhali ƙarin aikin kuɗi ne a aljihunsa.

Gyaran da ya fi kowanne amfani a rairayi kuwa kyauta ne. Da an bar ƙasa mai tauri, direba zai sauko ya murɗa makullan cibiyar tayoyin gaba, ya sa agzilari, sannan ya tsuguna ya sace iskar tayoyi har ta koma wajen rabin abin da suke sha a kwalta. Tayar sai ta kwanta, sawunta ya yi tsawo kamar tafin raƙumi, mota ta hau kan rairayi maimakon ta haƙa wa kanta kabari. In an fito sai a mayar da iska, a cire agzilari, domin wannan mota ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya. Tafiya da ƙafa huɗu a kan kwalta murɗe mata hanji yake yi. Tsofaffin direbobi da yawa har yanzu sun fi son wili mai zobe da taya mai tif, lamba 7.50R16, saboda ana iya warware ta da ƙarfe biyu da guduma a yi faci a tsakiyar daji. Zoben nan fa yana kisa in bai zauna daidai ba aka hura iska, shi ya sa mai faci na ƙwarai ba ya tsayawa a gabansa.

Ba a makaranta ake koyon yawancin wannan ba. Yaro yakan shekara yana wanke noti a cikin gas yana miƙa sifana kafin a bar shi ya ɗaure wani abu mai muhimmanci, kuma a wannan wankin ne yake koyon bambanta ƙarfen asali da jabu ta nauyinsa a hannu. Kasuwa cike take da kaya masu kwalin Toyota waɗanda Toyota ba ta san da su ba. Shi ya sa maigida yakan zaɓi tsohon boris na asali da aka ciro daga motar da ta yi haɗari a kan sabo mai sheƙi da bai yarda da shi ba. Wanda zai yi doguwar tafiya kuma sai an haɗa masa guzuri: bel, tiyon lagireto, matatar mai, uwar sifirin guda, waya, tsohon tif da za a yanka a yi ɗauri, har da sabulu, don in tanki ya tsage ana murza shi a bakin tsagar ya riƙe zuwa gari.

A shekarun baya an san Litinin a matsayin ranar da ayarin motoci ke tashi daga Agadas zuwa Dirku, don haka a lokacin Asabar da Lahadi garejojin garin ba sa barci. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda mai mota zai biya kuɗin fitilu da ƙarfen ado ba tare da ya ce uffan ba, amma in aka zo kuɗin hannun wanda ya yini a ƙarƙashin motar sai ciniki ya tashi kamar ana sayen akuya. Kai da Allah ya ba irin wannan tsohuwar mota, ko a Agadas kake ko a Maiduguri, in ka samu bakaniken da ke sauraron injin kafin ya ɗauki sifana, ka riƙe shi da kyau, kuma in ya faɗi kuɗin aikinsa ka biya shi cikakke.